Yatsan da Siminti Ya Cinye

Yayana magini ne, ni direban tifa. Shekara ashirin da 'yan kai ina juye masa yashi da tsakuwa a bakin aiki, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a majalisa na tsinto shi ba. Kuma ni ba na ƙarin gishiri, ko a lodi ko a magana.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ne auta. Yana gama firamare ya bi wani tsohon birkila da ke bayan layinmu. Ya fara da ɗibar ruwa, ya koma ɗaukar kwano, sai da ya shekara huɗu kafin tsohon ya yarda ya taɓa cokalin gini. Yanzu shekararsa hamsin da shida, kuma lokacin da abin nan ya fara yana da ma'aikata goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. A gabansa Maigida suke ce masa, a bayan idonsa kuma Mai Igiya, saboda ko akurkin kaji aka ba shi, ba zai aza bulo na biyu ba sai ya ja igiya.

Babban kayan aikinsa dai hannunsa ne. In na juye yashi, kafin in kashe mota ya damƙi cikin tafinsa ya murza. In ya watsar ya kaɗe hannu, na tsira. In ya ci gaba da murzawa yana kallona, na san yau akwai magana.

"Auta, wannan daga wane rami?"

"Ramin da aka saba mana, Yaya."

"Ramin da aka saba ba shi da laka."

Shi ke nan, sai in sa a kwashe in koma. Kwaɓin siminti ma haka, yatsu uku zai tsoma ya ce a ƙara rabin kwanon yashi ko a rage ruwa. Filasta kuwa da tafin hannu yake bin ta, ido a rufe. Safar hannu bai taɓa sa ta ba, wai mai safa da kurma duk ɗaya ne a wurin aiki. Da haka fatar hannunsa ta koma kamar bayan bulo. Matarsa tela ce, kuma ta daɗe da hana shi taɓa yadin mutane, don yana shafawa zare ke tashi.

Ana nan sai hukuma ta fito da doka: daga sabuwar shekara, ba wanda zai shugabanci gini sai mai rajista. Masu takardar makaranta da ƙofarsu daban. Irin su Yaya da suka tsufa a aiki ba takarda, aka buɗe musu 'yar ƙarama, jarrabawa a kwamfuta, zama biyu kacal kafin shekara ta ƙare. Wanda bai ci ba, ba a hana shi jera bulo ba, amma a ƙarƙashin wani zai yi, kuma ba shi zai ƙara cewa a zuba ko a dakata ba. Mutumin da ya shekara talatin shi ke faɗa a ji, ka san ba zai so ya ƙarasa rayuwarsa yana jiran umarnin sa'an ɗansa ba.

Tambayoyin ba su ba shi tsoro ba. Aka sayo littafin shirin jarrabawar, matarsa ta riƙa karanta masa tana taka keke. Kafin ta kai ƙarshen tambaya ya ba da amsa, sannan ya ƙara da abin da mai littafin ya manta. Ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur a danna shi ne ya so ya gagare shi, sai da ya yi mako guda yana zuwa shagon kwamfuta na bakin titi kafin ya daina danna shi kamar mai kashe kunama.

Ni na kai shi ofishin hukumar ranar yin rajistar shiga jarrabawa. Ɗaki ne dogo, benci uku, fanka ɗaya mai ƙara, da kantar ma'aikaci a can ƙurya. Da layi ya zo kansa, ma'aikacin ya karɓi hoto da katin shaida, ya tura masa wani ɗan akwati mai gilashi da koren haske.

"Baba, ɗora babban yatsanka na dama."

Ya ɗora. Shiru. Aka goge gilashin, ya sake. Aka koma na hagu, aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ma'aikacin ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Abin da ya fito baƙi ne dunƙule, kamar gindin tukunya.

"Baba, ba ka da zane."

"Zanen me?"

"Zanen yatsa. Siminti ya cinye. Ba kai kaɗai ba ne, kowane mako sai mun ga irinka."

Ya zaro takardar dokokin jarrabawa ya karanta mana. Sau huɗu ake neman yatsa: ranar rajista, a ƙofar shiga, duk lokacin da mutum ya fita banɗaki ya dawo, da kuma lokacin miƙa amsa. An yi haka ne saboda masu ɗauko ɗan makaranta ya zauna musu. Ya ce maganin abin ɗaya ne, Yaya ya nisanci siminti mako shida, ya riƙa shafa mai, zanen zai dawo da kansa.

Sai da muka yi nisa a mota Yaya ya yi magana. Ya ce, "To ka ji, Auta. Wai sai na daina gini za su yarda ni magini ne."

Matarsa ta karɓi aikin kamar an ba ta kwangila. Basilin safe da yamma, kuma ta ɗinka masa safar hannu da ragowar yadi, har da mai furanni. Na je gaishe su na tarar da shi zaune a tabarma, hannu biyu a kan gwiwa suna ƙyalli.

Na ce, "Anti, kin mayar mana da Yaya ma'aikacin banki."

Ta ce, "Kai dai ka ji da tifarka mai tarin fuka."

A wurin aiki kuwa abin ba daɗin gani. Zai tsaya da hannuwansa a baya, ɗaya riƙe da ɗaya, sai ka ce wanda ya zo gaisuwar rasuwa. Akwai mataimakinsa, birkila ne da ake kira Dogo, shekararsu goma sha biyar tare. Shi ya zama hannun Yaya.

"Dogo, murza ka gaya mini."

"Ya yi, Maigida."

"Ya yi yaya? Yana kama yatsa ko zamewa yake?"

Dogo ya iya aiki amma bai iya bayani ba, sai ya tsaya yana kallon yatsunsa. A makonnin nan Yaya ya yi faɗan da bai yi ba a shekara biyar, ni ma na sha nawa kason.

A mako na shida zane ya fito, siriri, sai ka karkata yatsan a rana za ka gan shi. Muka koma ofis. Na'urar ta ƙi tara ta karɓi ɗaya, babban yatsan dama. Ma'aikacin ya ce ɗayan ya isa, amma a lallaɓa shi, don daga yau shi kaɗai hukuma ta sani. Saura kwana goma jarrabawa.

Ana saura kwana huɗu aka tashi zuba kankaren rufin wani bene. Irin wannan zubin in an fara ba a tsayawa, don in wani gefe ya bushe kafin a haɗe shi da ɗan'uwansa, nan ne zai riƙa yoyo har abada. Rana ta take, an kai rabi, sai injin da ke girgiza kankare ya mutu murus. Dole a koma cuɗa shi da sandar rodi da hannu, ga leburori biyu ba su zo ba, ga zafi yana sa kankaren saurin kamawa. Ina cikin mota ina kallon Yaya a ƙasa, hannu a baya. Ya daure kamar minti goma. Sai na ga ya nufi tsani.

Na leƙo na ce, "Yaya, yatsa fa."

Ya ɗago hannuwansa biyu ya nuna mini. "Ai da safa."

Awa biyar ya yi a sama, yana cuɗawa yana bajewa, har aka rufe zubin lafiya lau. Abin da bai sani ba, yadi shan ruwan siminti yake, ya riƙe shi a jikin fata. Da hannu tsirara ne, da ya riƙa zuwa durom ɗin ruwa yana wankewa jefi-jefi yadda ya saba tun yana yaro. Da ya ga akwai safa, sai ya ɗauka ba bukata. Ga fatar sabuwa ce, ba ta da ƙwarin ta da. Da la'asar ya zare safar, yatsan ya yi fari fat ya yamutse, washegari ya fara saɓa. Mutumin da ya san halin siminti ciki da waje bai san halin safa ba, tunda bai taɓa aiki da ita ba.

Matarsa ta riƙe hannun ta daɗe tana dubawa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da hannuna na ɗinka ta." Ranar na fi jin tausayinta a kan nasa.

Wurin jarrabawar a hawa na biyu yake a wani dogon gini. Mai gadi ya kore ni da tifata tun daga ƙofa, sai can bayan gidan mai na ajiye ta na dawo a ƙafa na zauna a gindin matakala. Abin da ya faru a ciki daga bakin Yaya na ji. Kwamfuta arba'in ne a jere, kowace da katangar katako tsakaninta da ta kusa, kyamara a kowace kusurwa. An karɓe waya, agogo, hula, har da guntun fensirin da ke bayan kunnensa, wanda shi kansa ya manta yana wurin. An sa ya zazzage aljihu ya naɗe hannun riga. Ba magana, ba motsa leɓe, ba waige. Mai sa idon wata malama ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, ba ta kuma da wulaƙanci.

A ƙofa na'ura ta ƙi shi sau biyar. Malamar ta ce ya goga yatsan a goshinsa ya sami ɗan maiƙo. A na shida ta yi kore, ya shiga. Yana zama ya tuna cewa duk wanda ya fita banɗaki sai ya sake ɗora yatsa kafin ya dawo, ga shi ya sha shayi kofi biyu da safe. Ya ce a ransa ko mara za ta fashe ba inda za shi. Awa uku ya yi a kujerar nan ƙafa a harɗe.

Sau ɗaya aka ja masa kunne. An tambayi yawan bulon da zai shiga wata katanga, shi kuwa bai taɓa lissafin bulo da baki a rufe ba. Malamar ta zo ta ƙwanƙwasa teburinsa ta nuna leɓenta. Daga nan ya cije baki ya koma lissafi da yatsun ƙafa a cikin takalmi. Ya gama da sauran minti ashirin, ya koma farko ya bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya, bai canza ko guda ba.

Sai miƙa amsa. A nan dokar ta fi tsauri, sau uku kawai ake gwadawa. Gumin awa uku ya jiƙa yatsan, fatar da ke saɓa ta ƙara ɗagowa. Ya ɗora, ja. Ya goga a goshi, ja. Malamar ta ce ya dakata ya bushe shi sosai, ta tsaya a kansa har minti biyu. Ya ɗora na uku, ja, kwamfutar ta kulle.

Ya ce, "Malama, ai tun safe a gabanki nake zaune."

Ta ce, "Na gan ka, Baba, kuma zan rubuta cewa na gan ka. Sai dai rubutuna ba ya buɗe na'ura."

Ta cika takarda shafi guda ta sa hannu, ya sa nasa. Sannan ya tambaye ta ko yanzu doka ta yarda ya je banɗaki.

Bayan mako biyu sakamako ya zo. Maki tamanin da huɗu cikin ɗari. A ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa an soke, saboda ba a tabbatar da wanda ya miƙa amsa ba. Rahoton malamar an karanta, an gode mata. Saura zama ɗaya, nan da mako bakwai, daga shi ƙofa ta rufe.

Wannan karon matarsa ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta ɗauke takalman aikinsa ta kai gidan ƙanwarta, ta kira Dogo ta ce aiki na hannunsa, ni kuma ta ce in zan zo gidan in bar labarin gini a cikin tifa. Yaya ya koma zaman shagonta. Yana ninke mata yadi, yana saka mata zare a allura, yana gaisawa da mata masu kawo ɗinki. Wata ta tambaye shi ko sabon tela aka ɗauka, ya ce koyo yake. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, amma ya rame, abinci ma sai an matsa masa.

Ranar zama na biyu ruwa ma bai sha ba. Na'ura ta karɓe shi a ƙofa da ɗorawa ɗaya, ta karɓe shi a ƙarshe da ɗorawa ɗaya. Maki saba'in da tara. Ya ce tambayoyin farko sun fi hankali.

Da muka tashi zuwa karɓar katin rajista, sai na ga ya jefa takalmansa da cokalinsa a gaban mota, nufinsa daga ofis sai wurin aiki. Ma'aikacin nan dai shi ya miƙa masa katin, ya taya shi murna, ya haɗa masa da wata takarda mai dokokin masu kula da gini. Ya karanta mana ta uku a ciki. Jami'in duba gini zai riƙa zuwa ba sanarwa, aƙalla sau biyu a wata, da 'yar na'urarsa a jaka. Mai rajista sai an same shi a wurin, ya ɗora yatsa. In aka rasa shi, ko na'ura ta rasa shi, har sau uku, an dakatar da rajistarsa. An yi dokar ne saboda masu ba da hayar sunansu, gini yana tashi da sa hannunsu ba su taɓa taka wurin ba.

Yaya ya gyaɗa kai ya ce dokar ta yi daidai, ya daɗe yana cewa a yi ta. Sannan ya tambayi ma'aikacin.

"Da wane yatsa?"

"Wanda ke cikin rajista, Baba."

Ya yi ƙoƙari, ba a ce bai yi ba. Ya sayi safar roba mai kauri ya yi kwana biyu yana filasta da ita. Gumi ya taru a ciki ya jiƙa fatar, a rana ta uku jami'i ya zo, na'ura ta ƙi, aka rubuta masa ɗaya cikin uku. Daga ranar ya rataye safar. Hannun hagu yakan tsoma a kwaɓi wani lokaci, amma ya ce hagu ba ta jin komai. Yanzu wata takwas ke nan yana shugabancin gini da katinsa a aljihun gaba. Aiki ya ƙaru masa, don masu rajista ba su da yawa. Ma'aikatansa sun kai goma sha takwas.

Makon jiya aka ɗauki sabon birkila, dattijo ne, ba yaro ba, kuma ba laifi ya iya aiki. Da hantsi Yaya ya tsaya a kansa ya ce filastar kusurwar tagar ba ta miƙe ba, ciki ya fito. Mutumin ya duba ya ce shi bai ga komai ba. Yaya ya ce a sake. Mutumin ya ajiye cokali a kan katako ya taho gindin tifata shan ruwa, bai san ni ƙanin kowa ba ne.

Ya ce, "Direba, wannan maigidan naku ya taɓa riƙe cokali kuwa? Da safe na gaisa da shi, hannu luɓus kamar na malamin ofis. Irinsu sai baki da kati."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na buɗe ƙofa zan sauko. Ashe Yaya yana bayan motar yana duba tsakuwar da na kawo, ya ji komai. Ya girgiza mini kai, na koma na zauna.

Ya taka a hankali har gindin tagar. Cokalin yana nan a kan katako, kwaɓin bai bushe ba, gyaran bai fi na minti biyar ba a hannunsa. Ya daɗe tsaye a kansa. Ranar sha tara ga wata ce, kuma jami'i sau ɗaya ya zo a watan. Ya mayar da hannuwansa baya, ya riƙe dama da hagu, ya ɗaga murya.

"Dogo, zo ka nuna masa."